Totur na Hannu

"Taka kuma," in ji Ndayako.

Yana kwance rigingine a cikin kan motar, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa na reto a waje ta ƙofar fasinja. Tanimu, wanda ke zaune a kujerar direba, ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan totur, ya danna a hankali. Injin ya ɗaga murya, salansa ta tofa baƙin hayaƙi a jikin langa-langar garejin. Ya cije leɓe har sai da bakaniken ya ce ya isa, sannan ya ɗago ƙafar da taimakon hannunsa, ya ajiye ta can kusa da ƙofa, nesa da fuskar Ndayako.

Tankar ruwa ce, tsohuwa, fentinta ya daɗe da komawa kalar ƙasa. Famfon da ke tura ruwa daga cikinta zuwa tankunan da mutane ke ɗorawa a sama, da ƙarfin injin motar yake juyawa. In injin na silo, wato yana juyawa a hankali, ruwan ba ya hawa, sai dai ya yi ta tsiyaya a bakin tiyo. Dole direba ya zauna a ciki ya riƙe totur da ƙafa, kada ya sassauta ruwa ya tsaya, kada ya matsa tiyo ya fashe, har tankin ya cika. Tanimu ya yi shekaru yana wannan zama bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. Kunnensa ya san muryar injin, ƙafarsa kuma ta san inda za ta tsaya ko bai gaya mata ba. Kwanan baya ne ya gwada danne totur ɗin da dutse a wani gida a Tudun Wada. Girgizar motar ta mirgina dutsen, injin ya haukace, tiyon ya tsage ya jiƙa wa matar gidan garin masarar da ta shanya.

Shi ya sa yau da hantsi ya shigo garejin Ndayako da ke kan hanyar Yawuri, ya ce a yi masa wata dabara, abin da zai ja da hannu injin ya tashi ya tsaya a inda ake so. Ya ce so yake ya riƙa sauka yana duba tiyo da kansa. Ndayako, wani gajeren Banufe mai furfura a gemu, wanda ya fi kowa sanin cikin motar nan, bai yi masa tambaya ba. Ya zaga bayan gareji inda wata matacciyar tarakta ta daɗe a yashe har ciyawa na fitowa ta cikinta, ya kwanto wayar totur ɗinta ta hannu, ya jiƙa ta a baƙin mai har ta saki. Ya huda ƙarfen gaban motar daga ƙasan sitiyari, ya zura wayar, ya bi da ita har jikin famfon injekta, ya yi mata 'yar madafa da walda. A bakinta na cikin mota akwai wani baƙin maɓalli kamar murfin kwalba. A ja shi injin ya tashi, a murɗa shi ya kulle, a danna shi ciki ya koma silo. Abin da ya rage kawai shi ne a daidaita wayar da totur na ƙafa, don kada ɗaya ya riƙe ɗaya.

Abin da Tanimu bai faɗa ba yana cikin takalminsa. Takalmin roba ne mai dogon wuya irin na masu aikin ruwa, kuma na daman ya fi na hagun girma, domin daban ya saye shi a 'yan gwanjo. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, tun suna garinsu Kaboji. Shi ya kashe masa tafin ƙafa, har wata rana ƙarfen ƙasan motar, daidai inda salansa ke bi, ya gasa masa babban yatsa ta cikin silifa bai sani ba, sai da ya koma gida matarsa Cecilia ta gani. Ƙunar ta ƙi warkewa. Aka yi na asibiti, aka yi na gida, wata tsohuwa daga Zugurma ta aiko da garin magani a ƙullin leda, fasto ya zo da mutanen coci suka yi addu'a a tsakar gida. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi bayansa. A makon jiya likita ya kwance bandejin, bai daɗe yana dubawa ba ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma kada a ja lokaci. Tanimu ya ce zai je ya yi shawara da 'yan'uwa. Bai yi shawara da kowa ba. Gari na wayewa ya hau mota.

Tafin ba ya jin komai, amma in ya riƙe totur na ɗan lokaci sai wani zafi ya taso daga diddige, ya bi ƙauri har ƙugu, kamar ana zare masa jijiya da filaya. Jiya ma sai da ya jiƙa rigarsa sharkaf kafin ya cika tankin wata makaranta.

Motar nan ita ce abin da ya rage musu. Da 'yan bindiga suka hana noma a wajensu, ya sayar da shanun huɗa da ɗan hatsin da ya tsira, ya haɗa da abin da ya ajiye tun zamanin da yake jan motar hatsi ta wani, ya saye ta. Yanzu gidan hayarsu na bayan kasuwa cike yake: 'ya'yansa, matar marigayi ƙanensa da nata 'ya'yan, ga gwaggonsa da ba ta gani. Duk daga bakin tiyon nan suke ci. Kuma bazara ce, rijiyoyin gari sun ƙafe, wayarsa ba ta hutawa. Tunaninsa shi ne ya lallaɓa har ruwan sama ya sauka, kasuwar ruwa ta faɗi, sannan ya kai wa likitoci ƙafar su yi yadda suke so da ita.

Ndayako ya zame ya fito daga ƙarƙashin sitiyarin. Ya tafi bakin kwata ya tofar da yawu, ya daɗe a can tsaye yana goge hannunsa da tsumma. Da ya dawo bai kalli Tanimu ba, ya ce ya ja maɓallin a gani.

Tanimu ya ja shi kaɗan-kaɗan, yana saurare. Da muryar injin ta kai inda ya san ruwa na hawa, ya murɗa, ya saki. Ƙafafunsa duka biyu suna ajiye a ƙasa, hannayensa na kan cinya, amma injin bai sauka ba. Ya tsaya cak a wurin, yana kaɗa madubin gefe. Tanimu ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda ya kwana biyu bai ji ba, har ya yi murmushi. Ya danna maɓallin, injin ya koma silo, ya sake ja, ya sake dannawa.

Ndayako ya ce ya kashe ta ya sauko su zauna. Saukar ta ɗauki lokaci, domin da hagu yake fara taka matakala, ya rataya a jikin ƙofa, sannan ya sauke ta dama. Bakaniken ya juya baya yana tattara sifanu har sai da ya ji ya zauna a kan benci.

"Abin nan da na sa maka na tsayuwa ne, Baban Dorkas," in ji shi. "Kada ka kuskura ka ja shi mota na tafiya."

Tanimu ya ce ai shi ba yau ya fara tuƙi ba.

"Na sani. To birki fa? Birki ba ni da wayarsa."

Wata tirela ta wuce a kan titi ɗauke da shanu, suka bi ta da kallo. Ndayako ya ce tun hantsi kansa na kusa da takalmin nan, kuma ya san warin. Irinsa ne ya cika ɗakin wansa Salman a shekarar da ya rasu. Shi ma cewa ya yi a bari a gama cire gyaɗa. Da aka gama cire gyaɗar aka kai shi, sai daga cinya suka yanke, kuma duk da haka bai dawo gida ba. Ya faɗi labarin ne yana kankare baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa, kamar mai bayanin abin da ya kashe wani inji.

"In sun yanke ta, me na zama?" in ji Tanimu. "A fito da ni da safe a ajiye a ƙofar gida, in rana ta iso a matsar da ni inuwa. Damina kawai nake jira, Ndayako."

"Ita ƙafar ta ce maka za ta jira damina?"

Bakaniken ya ce zai iya nemo masa direba mai amana. Tanimu ya girgiza kai. Ya ce motar nan tsohuwa ce, lallashi take so, in ta shiga hannun wani ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Ko ta gani ma, abin da take kawowa bai isa baki biyu su raba ba. Ndayako bai musa masa ba, domin ya san gaskiya ne. Aka kira azahar a masallacin masu walda, ya ɗauki butarsa ya miƙe. Kafin ya dawo Tanimu ya ja motarsa ya tafi.

Ya cika ta a rijiyar burtsatse da ke bayan gari, inda ya tarar da layin tankoki a gabansa. Bai sauka ba, ya bar masu wurin suka saka tiyo suka cire. Daga nan ya nufi wani gidan bulo da ke ƙarshen Tudun Wada, wanda mai kula da shi, Ɗantani, ya dame shi da kira tun safe cewa aikinsu ya tsaya cak.

Hanyar sai ta bi ta gefen kasuwa. Rana ta take, kwalta na walƙiya, masu mangwaro da masu kankana sun cinye rabin titin da tirensu. Tanimu na tafe a giya ta biyu, ruwan da ke bayansa na jijjiga motar gaba da baya. Wata Keke mai ƙafa uku ce a gabansa cike da mata. Ba sigina ba komai ta tsaya a tsakiyar hanya domin ɗaukar wata mai kwando. Tanimu ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai kan birki ya danna, kamar yadda ya yi sau ba adadi a rayuwarsa. Motar ba ta rage gudu ba. Ya ƙara dannawa da ƙarfinsa duka, zafin ya harba har cikin kansa, amma Keken sai ƙara girma take yi a gilashi. Ya leƙa ƙasa. Takalmin ya zame ya faɗa tsakanin birki da totur, ƙarfen ƙasan mota kawai yake ta dannawa, kuma ƙafar ba ta gaya masa ba.

Ya ɗauke hagu daga kuloci ya maka ta a kan birki. Tayoyi suka yi ƙara, injin ya shaƙe ya mutu, ruwan ya taho daga baya ya daki gaban tankin har motar ta ƙara zabura gaba, sannan ta tsaya. Tsakanin bambarta da bayan Keken bai kai kamu ɗaya ba.

Mutane suka taru. Mai Keken ya fito yana zagi, masu babura suka kama masa, wani ya doki ƙofar da tafin hannu yana tambayar ko barci yake yi. Tanimu bai ji rabin abin da suke faɗa ba. A kujerar baya ta Keken akwai wata mata da goyo, kan jaririn ya leƙo daga zane, sanye da 'yar hular ulu duk da zafin nan. Matar ta juyo ta ɗaga kai ta dube shi ta cikin gilashi. Ta kai hannu baya ta dafa kan ɗanta, ta ci gaba da kallonsa har Keken ta ja.

Ya ɗaga hannu ya ba mutane haƙuri, ya tayar da motar. Sauran hanyar a giya ta ɗaya ya yi ta, yana bin gefen titi, ƙafar hagu na shawagi tsakanin kuloci da birki, masu motoci na ta danna masa oda suna wucewa.

Ɗantani ya tarbe shi da mita, ya ce leburori sun wuni a zaune, siminti na jiran ruwa. Tanimu ya gyara tsayuwa a gindin tankin da aka ɗora a kan dogayen ƙarafa. Ɗantani da kansa ya hau tsani ya zura tiyon a ciki ya ɗaure shi da igiya. Tanimu ya saka giyar famfo, ya ja baƙin maɓallin har muryar injin ta daidaita, ya murɗa. Tiyon ya kumbura ya miƙe, aka fara jin zubar ruwa a cikin tankin can sama. Ana cikin haka aka kira la'asar, Ɗantani da leburorinsa suka nufi masallacin da ke bakin titi. Wurin ya rage daga Tanimu sai Salihatu, matar da ke sayar wa leburorin shinkafa da wake, tana wanke kwanukanta a gindin katanga.

Ya sauko. Ya ja ƙafa har gindin wani dogonyaro da ke can gefe, ya zauna a kan bulon da ya fashe. Bai taɓa ganin motarsa tana aiki daga waje ba. Ya ga yadda take rawa a kan tayoyinta, yadda ruwa ke ɗiga daga gindin famfo, yadda kujerar direba take ba kowa. Aikin na tafiya daidai. Ko da ƙafarsa ce a kai, iyakar abin da za ta yi ke nan.

Takalmin ya matse shi. Ya kama shi da hannu biyu ya yi ta murzawa har ya fita. Bandejin ya jiƙe ya canza kala, ƙudaje suka taso nan da nan kamar da ma jira suke. Ya kwance shi a hankali. A ranar da likita ya duba shi, wata nas ta zana layi da biro a bayan ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya, ta ce in ya ga ya haye layin nan kada ya kwana a gida. Layin yana nan, shuɗi, ya ɗan dushe. Baƙin ya wuce shi, ya wuce idon sawu, wani jan zane kuma ya miƙe sama yana bin ƙaurin.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi ƙoƙarin mayar da takalmin, ya ƙi shiga. Ya ajiye shi a gefe, ya rufe ƙafar da bandejin sama-sama, ya ciro wayarsa.

Cecilia ta ɗauka tun ƙarar farko. Ya ji hayaniyar yara a bayanta da ƙarar turmi. Ya yi mata magana da yarensu, ya ce ta samu Keke ta zo ta same shi a gidan bulon ƙarshen Tudun Wada, ta taho da zane da bokiti da filas, daga nan asibiti za su wuce.

"Jakar asibitin na ɗaure tun ranar da likita ya faɗa," in ji ta. "Tana ƙarƙashin gado."

Ta tambaye shi motar fa. Ya ce zai kira Ndayako ya zo ya kai ta gareji. Ba ta tambayi abin da za a ci a gidan ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Ta ce ga ta nan, ta kashe.

Yana riƙe da wayar a hannu ya ji ƙarar ta canza. Tankin ya cika. Ruwa ya fara ambaliya ta bakinsa, yana gangarowa ta jikin ƙarafan, yana zuba a kan yashi da sababbin bulon da aka jera a ƙasa ba su bushe ba. Injin bai san an cika ba, yana ta turawa. Tanimu ya dafa bishiyar ya miƙe, ya taka sau ɗaya, ƙasa ta juya masa, ya koma ya zauna. Tsakaninsa da motar ba nisa, amma ya san ko ya kai ba zai iya hawa matakalar ba. Gefunan bulon sun fara narkewa.

Ya kira Salihatu. Ta taso da kumfa a hannu, ta dubi ruwan, ta dubi ƙafar da ke miƙe a gabansa, ta kau da kai da sauri. Ya ce ta taimaka ta hau motar. Ta ce ita ba ta taɓa shiga babbar mota ba, tsoro take ji kada ta taɓa wani abu ta tashi da ita. Ya ce motar ba inda za ta je. Ya ce ta hau matakala ɗaya kawai, ta duba ƙasan sitiyari, za ta ga wani baƙin abu kamar murfin kwalba, ta murɗa shi hagu ta danna ciki.

Ta goge hannunta a zane, ta tattare hijabinta, ta kama ƙofar ta hau. Ta ɗan daɗe tana dubawa. Sai injin ya sauke murya ya koma silo, tiyon ya saki ya kwanta, ruwan ya koma ɗiga. Wurin ya yi tsit har ana jin kabbarar liman daga bakin titi.

Ta leƙo ta ƙofar, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfe, fuskarta da ɗan mamaki.

"Ashe haka kawai ne, Baba?"

"Haka kawai ne," in ji Tanimu.

Ta sauko ta koma wajen kwanukanta. Shi kuma ya jawo takalmin kusa da shi, ya zuba wa ƙofar gidan bulon ido.